TURANCIN KASUWA: Maganar “Slow Down”

A wannan wata mun yi niyyar mu ci gaba da bayanin takardun banki da muka fara, amma sai wani Alhaji mai sayar da shinkafa da sukari a Aboabo ya tare mu bayan an tashi taron ƙungiya, ya yi mana wata tambaya wadda muka ga ta fi waccan gaggawa. Saboda haka maganar banki sai ta jira tukuna.

Ga yadda abin ya faru. Alhaji yana zaune a rumfarsa, ɗansa yana karanta masa labarai a wayar hannu, sai yaron ya zo kan wani layi da ya ce “inflation has slowed down”. Alhaji ya ce, “Me su ke nufi?” Yaro ya ce, “Baba, ai ‘down’ ƙasa ke nan. Kaya sun sauko.” Alhaji kuwa dā ma yana shirin sarin buhuna masu yawa, sai ya fasa, ya ce bari ya jira arahar ta iso Kumasi. Ya yi mako uku yana jira. Da ya koma wurin mai sari sai ya tarar an ƙara 'yan sidi a kan kowane buhu, ga rumfarsa ta kusa zama wofi, ga masu cinikinsa sun fara sabawa da maƙwabcinsa. Shi ne ya ce mana, “Malam, ku gaya mini gaskiya. Masu labarin ne suka yi ƙarya, ko kuwa kuɗin makarantar yaron nan ne suka tafi a banza?”

Masu labari ba su yi ƙarya ba, yaron kuma ba jahili ba ne. Kalmar ce ta ke da santsi, ta kuwa kā da waɗanda suka fi shi karatu. Bari mu bi ta daki-daki.

Turawa suna da wata al'ada a harshensu. Sai su ɗauki kalmar aiki, su liƙa mata 'yar wutsiya a baya, kamar “up”, ko “down”, ko “off”, ko “out”, nan da nan ma'ana ta juya. Malaman Turanci suna kiran irin waɗannan kalmomi “phrasal verbs”. Kada wannan ya ba mu tsoro, gama mu ma muna da irinsa, sai dai mu a jikin kalmar mu ke yin namu gyaran. Dubi “ci” da “cinye”. Dubi “sha” da “shanye”. Wanda ya sayi goro daban, wanda ya saye goron kasuwa daban, duk ɗan kasuwa ya san wannan tun yana ɗaukar tire. To, inda mu ke cewa “cinye”, Bature sai ya ce “eat up”. Inda mu ke cewa “shanye”, sai ya ce “drink up”. “Saye” kuwa shi ne “buy up”. Ba wanda ya hau sama a cikin waɗannan duka, ko da ya ke “up” sama ke nan in tana tsaye ita kaɗai. Wannan shi ne darasi na fari: in ka ga wutsiyar a manne da kalmar aiki, kada ka fassara ta ita kaɗai. Ka riƙe su biyun tamkar kalma ɗaya.

“Slow” ita ce nawa, ko tafiyar sannu. In aka haɗa ta da “down”, a faɗi kamar “silo daun”, ma'anarta rage gudu, ko sassautawa. Abin lura shi ne, wanda ya rage gudu yana nan yana tafiya. Bai tsaya ba, bai kuwa juya ba. Motar da ta tashi daga Kumasi za ta Tamale, in ta iso cikin Techiman ta rage gudu saboda kasuwa, har yanzu arewa ta nufa. Ko ta koma tafiyar hawainiya, kowane minti sai ta ƙara nisa da Kumasi. Wanda ya tsaya a tasha yana jiran ta komo don ya ji an ce ta rage gudu, zai kwana nan.

Wani abin dariya, Turawan nan suna kuma cewa “slow up”, ma'anarta kuwa ɗaya da “slow down”. Sama da ƙasa sun zama abu guda! Mun taɓa gaya wa wani dattijo haka, ya girgiza kai, ya ce mutanen da ba su rarrabe sama da ƙasa ba yaya aka yi suka mallaki rabin duniya. Ba mu da amsa. “Slow down” dai ta fi yawa a baki da takarda, ita za ku riƙe. Kishiyarta ita ce “speed up”, watau ƙara gudu.

Ga masu son su faɗa da bakinsu, akwai 'yan ƙa'idodi, ba su da wuya. Abu yana iya rage gudu da kansa: “The lorry slowed down”, mota ta rage gudu. Wani kuma yana iya sa shi: “The rain slowed the work down”, ruwa ya jawo wa aiki nawa. In ka ambaci sunan abin, ko ka sa shi a tsakiya ko a ƙarshe duk daidai ne, “slow the lorry down” ko “slow down the lorry”. Amma in ka yi amfani da “it” ko “him” ko “them” a maimakon suna, tilas su shiga tsakiya. A kan ce “slow it down”, ba a cewa “slow down it”. Sa'an nan duk wani canji na lokaci a jikin kalmar farko ya ke sauka, wutsiya ba a taɓa ta: “slowed down” in abin ya wuce, “slowing down” in ana cikinsa. Mun sha jin “slow downed” a bakin samari, wannan ba Turanci ba ne. In kuma kuka ga an haɗe su a rubuce, “slowdown”, to, ta zama suna, watau lokacin ja da bayan aiki ko ciniki.

Yanzu mu komo kan maganar Alhaji, gama nan ne kuɗi ke shiga.

“Inflation” ita ce hauhawar farashi, watau yawan abin da kuɗin kaya suka ƙaru da shi in an gwada da bara war haka. Ku lura, ita kanta awon gudu ce. Ba ta gaya maka nawa a ke sayar da buhu ba, tana gaya maka da wane irin sauri kuɗin buhun ke hawa. Saboda haka in an ce ta “slow down”, abin da a ke nufi shi ne kaya suna nan suna tashi, amma ba da saurin dā ba.

Ga lissafi, don ɗan kasuwa ya fi gaskata lissafi bisa surutu. Ofishin ƙididdiga na ƙasar Ghana ya ba da labari cewa a watan Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Duk mun tuna wannan shekara, ba sai an tuna mana ba. A Disamba 2023 ta komo kashi 23.2. Jaridu suka yi ta bugawa cewa ta rage gudu ƙwarai, gaskiya kuwa suka faɗa. To, mu ɗauki kwandon cefane wanda a ke cika shi da sidi 100 a Disamba 2021. Bisa wannan lissafi, a Disamba 2022 sai da sidi 154. A Disamba 2023, shekarar da aka ce abu ya sassauta, sai da sidi 190, gama kashi 23 ɗin nan a kan 154 a ke ɗora shi, ba a kan 100 ba. A Disamba 2024 aka ba da kashi 23.8, kwando ya kai wajen sidi 235. A watan Satumba 2025 lissafin ya faɗo ƙasa da kashi 10, abin murna ne lalle, amma ko a sa'an nan kwandon bai koma sidi 100 ba, bai ma koma 200 ba. Motar ta rage gudu, amma Tamale ta nufa.

Wannan kuwa lissafin kaya ne gaba ɗaya, an tara abinci da haya da kuɗin mota da sauransu an fid da tsaka-tsaki. A cikinsa wani abu yana iya sauka sa'ad da wani ke hawa. Masara takan yi araha da kaka, ta yi tsada da bazara, ko masu ƙididdiga sun ce me. Saboda haka ba mu ce kaya ba su taɓa saukowa ba. Abin da mu ke cewa shi ne, in sun sauko da gaske, da wata kalma dabam Bature zai faɗa. Zai ce “prices have come down”, ko “gone down”, ko “fallen”, ko “dropped”, ko “reduced”. Misali, a watan Mayu 2025, bayan sidi ya yi ƙarfi a kan dala, man fetur kuma ya ragu, ƙungiyoyin direbobi suka yi shelar rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari. Wannan shi ne “come down”. Wanda ke biyan sidi 20 ya kamata ya koma biyan 17. Ko kowane yaron mota ya yarda da haka a ranar farko, wannan wata magana ce, fasinjojin Asawase sun fi mu sani.

Don haka in yaro yana karanta maka labari, ka ce ya maimaita maka kalmar da ke gaban “down”. In “come” ce ko “go”, kuma farashi a ke magana, to, ka yi murna. In “slow” ce, ka sari kayanka yadda ka saba, sai dai ka san ba lalle ne ka yi gaggawar tara kaya fiye da ƙarfinka don tsoron gobe ba, tun da ya ke tashin ya yi sanyi. A nan amfanin labarin ya ke ga mai ciniki. A shekarar da kaya ke tashi da rabi, wanda ya ba da bashi na wata shida ya yi hasara ko an biya shi cif. A shekarar da tashin ya sassauta, bashi bai cika cin mai shi haka ba. Amma jiran araha don an ji “slow down”, wannan kuskure ne, shi ne kuwa ya ci wa Alhaji mako uku.

Akwai wani tarko kuma wanda ya fi kama masu magana ta waya. “Down” ɗin nan ba kullum ta ke nufin raguwa ba. A cikin “slow down”, da “cool down” watau hucewa, da “calm down” watau kwantar da hankali, da “turn down the radio” watau rage muryar rediyo, raguwa ce. Har maƙwabtanmu Tonawa suna da irin wannan tunani, in za su ba mutum haƙuri su kan ce “to wo bo ase”, kamar a ce sauke ƙirjinka ƙasa, mu kuwa hankali mu ke kwantarwa. Amma a cikin “close down” da “shut down” ma'anar ita ce rufewa ɗungum, a cikin “break down” kuwa lalacewa. “The shop has slowed down”, ciniki ya ja baya a kantin. “The shop has closed down”, an rufe kantin, mai shi ya tashi. A waya mai ƙara, a tsakiyar hayaniyar Kejetia, “slowed down” da “closed down” kusan amo ɗaya gare su. In kana bin mai kantin nan kuɗi, ka ga bambancin ba ƙarami ba ne.

Mu kanmu abin ya taɓa samunmu. Shekarun baya muna da huhunan goro a mota za su arewa, sai wani akawun kamfanin sufuri ya bugo waya da Turanci, muka ji kamar ya ce motar ta “slow down” a hanya. Muka ce ba kome, ai sannu ba ta hana zuwa. Ashe “broke down” ya ce. Mota ta kwana biyu a rana tsakanin Kintampo da Buipe, mu kuwa muna gida hankali kwance, ba mu aika an sauya wa kayan mota ba. Wanda ya san goro ya san abin da rana ke yi masa. Tun daga ran nan ba mu ajiye waya sai mun tambaya, “Is it moving or not?” watau tana tafiya ko ba ta tafiya? Tambaya ce ta yara, amma ba ta taɓa sa mu hasara ba.

A kan hanya kuwa kalmar ba ta da wata ɓoyayyar ma'ana. In ka ga allo a gefen titi an rubuta SLOW DOWN, ko an shafa SLOW da farin fenti a kan kwalta, akwai abu a gaba: makaranta, ko kwana, ko gada, ko masu gyaran hanya. Sau da yawa za ka tarar da ɗan tudun nan da a ke ginawa a gicciye bisa titi don tilasta wa direba, wanda mutanen Ingila ke yi wa laƙabi da “sleeping policeman”, ɗan sanda mai barci. Shi dai ba ya karɓar kome, ba ya kuma jin roƙo. Dokar hanya ta Ghana ta shekarar 2012 ta yanka kilomita 50 a awa a cikin gari, ta yanka 30 a wuraren taruwar jama'a kamar makaranta da kasuwa. Dalilin kuwa a fili ya ke. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna cewa ƙaramar mota mai gudun mil 30 a awa, watau wajen kilomita 48, tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya, tun daga sa'ad da direba ya hangi abu. In tana gudun mil 60, sai mita 73. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka fiye da sau uku. Wannan fa ƙaramar mota ce mai birki lafiyayye a kan busasshiyar hanya, ba babbar mota mai shaƙe da doya cikin damina ba. Wanda ya tuna karon da motar fasinja ta yi da motar kaya kusa da Kintampo a watan Fabrairu 2016, inda mutum fiye da 50 suka rasu, ba ya bukatar a gaya masa abin da hanyar arewa ke iya yi. Allah ya kiyaye.

Saboda haka dattijo ba ya jin kunyar buɗe baki a cikin mota. In direba ba ya jin Hausa, ka ce, “Driver, please slow down.” Kalma huɗu ke nan. Mun lura in mutum ɗaya ya fara, sauran fasinja su kan bi, dā ma kowa jira ya ke wani ya riga shi. Amma in sauka ka ke so, kada ka ce “slow down”. Wani tsohonmu ya yi haka, direba ya rage gudu kamar yadda aka roƙe shi, ya wuce da shi unguwa guda sannu a hankali, tsoho yana ta faɗa. Mai son sauka sai ya ce “stop”, ko ya ce “bus stop” yadda a ke yi a motocin haya na cikin gari. In ɗan sanda ya ce wa direba “pull over”, ya ratse gefe ya tsaya ke nan.

Wurin da mu ke so dattawa su fi kasa kunne shi ne asibiti. Likita ya auna ka, ya dube ka, ya ce, “Alhaji, you must slow down.” Abin da ya ke nufi, ka rage wahala. Ka rage tafiyar dare, ka rage ɗaukar kaya, ka bar wa yara wani sashe na aikin. Bai ce ka kwanta ka bar kasuwa ba, bai kuwa ce kome a kan magani ba. Mun san wani dattijo mai hawan jini wanda ya ji wannan kalma, ya ɗauka maganin ne za a sassauta, ya koma shan ƙwaya yau ya tsallake gobe. Sai da jikarsa mai aikin jinya ta zo gaishe shi ta ƙirga ƙwayoyin, ta ce, “Kaka, waɗannan ai ya kamata a ce sun ƙare tun makon jiya.” Maganin hawan jini kullum a ke shansa yadda likita ya rubuta, ko mutum yana jin lafiya ƙalau. In likita yana so a rage abu, zai ce “cut down on”, kamar “cut down on salt”, rage gishiri. In yana so a bari sam, zai ce “cut out” ko “stop”. Uku ne, kowace da iyakarta.

Har wa yau likita yakan ce, “This medicine will slow down the disease.” A nan ma lissafin motar Tamale ne. Bai yi alkawarin warkewa ba. Ya ce maganin zai hana cutar gudu. Akwai ciwon idon nan da likitoci ke kira gilakoma, wanda waɗansu ke ce wa hawan jinin ido, yana kuwa da yawa a ƙasar nan. Maganin ɗigawa da a ke bayarwa yana rage matsin da ke cikin ido don kada jijiyar gani ta ci gaba da lalacewa da sauri, amma ganin da ya riga ya tafi ba ya komowa. Sai mutum ya ɗiga wata uku, ya ga bai fi dā gani ba, ya ce maganin banza ne, ya jefar. Alhali aikin maganin ke nan, ya riƙe maka abin da ya saura. Da an fassara masa kalmar daidai tun ran farko, da bai sa ran abin da ba a yi masa alkawari ba. Muna roƙon 'ya'yanmu masu raka iyaye asibiti su lura da wannan. Kada ku ce, “Baba, ya ce zai warke,” don ku faranta masa rai, in ba haka likita ya faɗa ba.

Kalmar tana da wani amfani kuma wanda mu ke ganin ya fi duka sauƙi, amma girman kai ya kan hana mu. In kana gaban akawu a banki, ko ofishin haraji, ko wurin lauya, yana zuba Turanci kamar ruwan kwarya, kana da iko ka ce, “Please slow down, I want to understand.” Don Allah ka sassauta, ina so in gane. Ba rashin ladabi ba ne, Turawa kansu suna faɗa wa juna haka. Mun ga manyan 'yan kasuwa masu juya dubbai suna gyaɗa kai don kada a ce ba su ji ba, sa'an nan su dangwala hannu a takarda. Wanda ya ƙi sassautawa bayan ka roƙe shi sau biyu, ka naɗe takardar ka kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka a gida. Amma ka yi hankali kada ka musanya ta da “calm down”. In ka ce wa ma'aikaci “calm down”, ka ce masa ya daina fushi ke nan, in kuwa dā ba fushi ya ke ba, yanzu zai fara.

Ita “slow” ɗin ma ita kaɗai tana da ƙaya. “The market is slow”, kasuwa ba ta ci. “My watch is slow”, agogona yana baya. Amma in ka ce da mutum “he is slow”, ana iya ɗauka ka ce ba shi da kaifin kai. Wani mai gida ya so ya yabi yaronsa a gaban baƙo, yana nufin yaro ne mai natsuwa ba ya garaje, sai ya ce “this boy is very slow”. Baƙo ya fasa ɗaukar yaron aiki. Abin da ya kamata ya ce shi ne “careful” ko “patient”.

Waɗanda suka yi fatauci zuwa Ikko za su ce, to, ina “go-slow”? 'Yar'uwarta ce, amma tarihinta dabam. A Ingila “go-slow” wani irin yajin aiki ne, inda ma'aikata ba su bar wurin aiki ba, sai dai su yi shi da nawa da gangan har mai kamfani ya ji a jikinsa. A Amurka “slowdown” su ke ce masa. An ba da labarin masu dakon jiragen ruwa na Glasgow a ƙasar Sikotlan a shekarar 1889. Sun yi yaji suna neman ƙarin lada, masu jiragen suka ɗebo mutanen ƙauye suka sa a madadinsu, suka ce aikin baƙin ya gamshe su. Da 'yan dako suka koma aiki ba ƙari, sai suka ce tun da ya ke irin aikin mutanen ƙauye ya gamsar, to, irinsa za su yi. Ba a daɗe ba aka ba su ƙarin. A Nijeriya kuwa kalmar ta sauka daga wurin aiki ta hau titi, ta zama sunan cunkoson motoci, har mu ma nan mu kan ji ta. In ka gaya wa mutumin London ka makara saboda “go-slow”, zai zaci ma'aikata ne ke rigima. Shi “traffic jam” ya sani.

Akwai sauran dangi, ba za mu daɗe a kansu ba. “Ease off” da “ease up” sassautawa ce ta abin da ya yi tsanani, kamar ciwo ko matsi. “Let up” an fi yi wa ruwan sama, in ya tsagaita. “Wind down” kuwa, in ka ji kamfanin da ka ke hulɗa da shi yana faɗinta, ka tashi tsaye, gama ita rage aiki ce sannu-sannu da niyyar rufewa a ƙarshe. Ka je ka karɓi abin da ka ke bi tun ƙofa tana buɗe.

Mun mai da wa Alhaji wannan bayani a rumfarsa, ɗan nasa yana tsaye yana ji. Alhaji ya sa aka kawo takarda, ya ce yaron ya yi lissafin kwandon nan da hannunsa, daga 100 har zuwa 235. Yaro ya yi, ya fito daidai. Alhaji ya ce to, kuɗin makaranta ba su ɓata duka ba, amma daga yau in zai karanta masa labarin farashi, ya karanta Turancin tukuna, kalma kalma, kafin ya fassara. Ya riga ya yi sarinsa, an sauke buhuna ran Talata.

Wanda ke da wata kalma da ta taɓa rikita shi a takarda ko a waya, ya rubuto ta yadda ya gan ta, ko ya faɗa wa magatakardan ƙungiya a ranar taro. A wata mai zuwa za mu koma kan takardun banki, mu fara da “pay in”, da “pay off”, da “pay back”.